Waliyyi Agustin na Hippo: Ɗalibin da Ya Raba Tsaba da Ƙaiƙayi

A ƙarshen watan Agusta, sa'ad da dawa take tsaye kore shar a gonakin Gude da na sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo, Ikilisiya takan tuna da uwa da ɗanta a jere: Waliyyiya Monika ran 27, Waliyyi Agustin ran 28. A lokacin ne kuma iyaye da yawa suke lissafin buhunan da za su sayar in kaka ta yi, domin kuɗin makarantar 'ya'yansu da suke karatu a Kano ko Zariya ko Jos.

Wani dattijo ya tsayar da ni bayan Misa, ransa a ɓace. Ɗansa ya zo hutu daga jami'a yana ta zancen wani littafin Helenawan dā, inda aka ce ran mutum ya taɓa rayuwa kafin a haife shi. Uban yana tsoron kada karatun da ya sayar da hatsinsa dominsa ya raba yaron da bangaskiyarsa. Tsoron nan ba na banza ba ne, gama a jami'o'in ƙasarmu akan ɗora wa ɗalibai darasin falsafa a shekarunsu na farko. Amma akwai wani ɗan Afirka da ya gamu da wannan magana shekaru fiye da 1,600 da suka wuce, ya yi ta juya ta a zuciyarsa tun yana saurayi har ya tsufa. Ga labarinsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a Tagaste, wani ƙaramin gari da yanzu ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Ubansa Fatrisiyus yana da 'yar gona da kujera a majalisar gari, yana kuwa bin addinin gargajiya na kakanninsa. Sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Uwarsa Monika Kirista ce tun daga gidan iyayenta. Irin wannan gida ba baƙo ba ne a wurinmu.

Yaron ya fara karatu a garinsu, sa'an nan aka kai shi Madaura. Ya ƙware a harshen Latin, amma ya ƙi jinin Helenanci saboda bulalar da ake koyar da shi da ita, har ya mutu bai iya shi sosai ba. Yana da shekara 16 kuɗin makaranta suka yanke, ya zauna a gida shekara guda yana yawo da abokan banza. Da taimakon wani attajirin garin mai suna Romaniyanus aka samu aka tura shi Kartaj, babban birnin Afirka ta Arewa a lokacin, kusa da inda Tunis take a yau, domin ya koyi fasahar magana. A can ya zauna da wata mace ba tare da aure ba, ta haifa masa ɗa a shekara ta 372. Suka sa masa suna Adeyodatus. Da a ƙasarmu ne, da Kyauta za a kira shi, gama ma'anar sunan ke nan.

Yana da shekara 19 aka ba su wani littafin Sisero, mashahurin marubucin Roma, mai suna Hortensiyus. An rubuta shi da siffar hira, yana kiran mai karatu ya bar neman suna da dukiya ya nemi hikima. Littafin ya ɓace yanzu, sai guntaye. Ya cinna wuta a zuciyar Agustin, sai dai abu ɗaya ya rage masa: bai sami sunan Kristi a ciki ba, sunan da ya sha tare da nonon uwarsa. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga Latin ɗinsa bai kai na Sisero daɗi ba, ya rufe. Daga nan ya faɗa hannun mabiyan Mani, masu koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne da suke yaƙi tun fil azal, waɗanda suka yi masa alkawari za su bayyana masa kome ta hanyar hankali. Ya yi shekara tara a cikinsu. Monika ta yi ta kuka da addu'a.

Daga Kartaj zuwa Milan

Da ya gama karatu ya zama malami a Tagaste da Kartaj. A shekara ta 383 ya yaudari uwarsa, ya bar ta a bakin teku ya shiga jirgi da dare zuwa Roma. Shekara guda bayan haka ya sami babban matsayi na malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarkin Roma take. Kafin nan ya riga ya gane mabiyan Mani ba su da amsar tambayoyinsa, har ya karkata ga masu cewa mutum ba zai iya tabbatar da gaskiyar kome ba. Monika ta biyo shi Milan, aka nema masa auren da ya dace da matsayinsa, aka mai da uwar ɗansa Afirka bayan zaman shekaru fiye da goma. Shi da kansa ya shaida cewa rabuwar ta bar masa rauni mai zurfi, bai kuwa wanke kansa daga laifin ba.

Abu biyu suka juya shi a Milan. Na farko wa'azin Bishop Ambros, wanda ya nuna masa cewa Tsohon Alkawari yana da zurfin da bai taɓa zato ba. Na biyu, a shekara ta 386 wani ya ba shi littattafan mabiyan Plato, wanda malaman Larabci suke kira Aflatun, a fassarar Latin ta Mariyus Biktorinus. Babba a cikin waɗannan mabiya shi ne Filotinus, wanda ya mutu a shekara ta 270. Daga gare su ya koyi cewa Allah ruhu ne marar jiki, marar sākewa, kuma mugunta ba wani iko ba ne mai zaman kansa, rashin nagarta ce, kamar yadda duhu rashin haske ne. Ya tarar da abubuwa masu kama da farkon Bisharar Yohanna. Amma bai tarar da Kalman da ya zama mutum ba, bai tarar da gicciye ba, bai kuwa tarar da tawali'u ba. Littattafan sun nuna masa garin daga nesa, ba su nuna masa hanyar shiga ba.

A watan Agusta na wannan shekara, yana kuka a lambun gidan da yake zaune, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa a kan ƙarshen sura ta 13 ta wasiƙa zuwa ga Romawa. Nan take shakkarsa ta yaye.

Hirar Meno

Kafin mu ci gaba da shi, ya kamata mu san littafin da ya tayar da hankalin dattijon nan. Aflatun mutumin Atina ne, ya mutu wajen shekara ta 347 kafin haihuwar Almasihu. Almajirin Sokratis ne, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu. Aflatun yakan rubuta koyarwarsa da siffar hira, inda Sokratis yake yi wa mutane tambayoyi. Ɗaya daga cikin hirarrakin nan ana kiranta Meno, sunan wani saurayi ɗan masu arziki daga Tasaliya.

Meno ya tambaya ko ana iya koyar da halin kirki. Da tambayoyin Sokratis suka ƙure shi, sai ya kawo wata sarƙaƙƙiyar magana: yaya mutum zai nemi abin da bai sani ba? In ya san shi, ba ya bukatar nema. In kuwa bai san shi ba, ko ya yi karo da shi ba zai gane shi ne ba. Kamar a aiki yaro kasuwar Gwarzo ya nemo mutumin da bai taɓa gani ba, ba a kuwa faɗa masa sunansa ko kamanninsa ba.

Sokratis ya kira wani yaro, bawan Meno, wanda bai taɓa koyon lissafi ba. Ya zāna fili a ƙasa mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe ƙafa 2. In an raba shi kamar gidajen dara, gida 4 za a samu. Ya tambayi yaron tsawon gefen filin da zai ninka wannan, wato mai gida 8. Yaron ya ce ƙafa 4. Aka ƙirga, aka sami gida 16. Ya ce ƙafa 3. Aka sami 9. Sai ya yarda bai sani ba. Sokratis ya jera fili huɗu irin na farko suka zama babban fili ɗaya, ya ja layi a cikin kowannensu daga kusurwa zuwa kusurwa, layukan suka haɗu suka kewaye wani sabon fili a tsakiya. Yaron ya duba, ya ga sabon filin ya ƙunshi rabi huɗu na filin farko, wato gida 8. Ya gano amsar da kansa. Kowa yana iya gwada wannan da kara a tsakar gidansa.

Daga ina sanin ya fito, tun da tambayoyi kaɗai aka yi masa? Amsar da Sokratis ya bayar ita ce rai ba ya mutuwa, ya riga ya ga dukan abubuwa kafin a haife shi cikin wannan jiki, abin da muke kira koyo kuwa tunawa ce kawai. Sisero ya kawo labarin yaron nan a cikin ɗaya daga cikin littattafansa, ta haka ya iso ga masu karatun Latin irin su Agustin.

Makarantar ƙauye

Bayan tubansa Agustin ya ajiye aikinsa, ya koma wani gidan gona a Kasisiyakum, kusa da Milan, tare da uwarsa da ɗansa da ɗan'uwansa Nabijiyus da abokinsa Alifiyus da waɗansu ɗalibai. Suka yi ta hira irin ta Aflatun, wani magatakarda yana rubutawa. Ran 13 ga Nuwamba, 386, ranar da ya cika shekara 32, suka fara tattauna mene ne rayuwa mai albarka. Aka tambaya ko duk wanda ya sami abin da yake so mai albarka ne. Monika, wadda ba ta yi karatun masana ba, ta amsa cewa sai in abin da yake so nagari ne, gama mai son mugun abu abin tausayi ne ko da ya same shi. Ɗanta ya yi murna ƙwarai, ya shaida mata cewa ta kama ƙololuwar falsafa, domin abin da Sisero ya rubuta ke nan a littafin da ita ba ta taɓa karantawa ba. Iyayenmu mata na Zumunta su riƙe wannan.

A daren Ista, 24 ga Afrilu, 387, Ambros ya yi wa Agustin da Adeyodatus da Alifiyus baftisma. A hanyarsu ta komawa gida Monika ta rasu a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, tana da shekara 56.

A shekara ta 388 ya koma Tagaste. A can ya rubuta wata hira tsakaninsa da Adeyodatus, mai shekara 16, a kan malami da koyarwa. A ciki ya koma ga matsalar Meno ta wata ƙofa. Kalma ba ta iya zuba sani a kan mutum. In ka ce wa Bature kalwa, alhali bai taɓa ganin ɗorawa ba, ƙara kawai ya ji. In kuwa ya san ta, ba ka koya masa kome ba, ka tuna masa ne. Haka kuma sa'ad da malami ya faɗi wani abu, ɗalibi yakan auna shi a cikin zuciyarsa ya ga ko gaskiya ne. Ma'aunin nan ba malamin ne ya ba shi ba. Agustin ya ce akwai Malami na ciki, wato Kristi, Hikimar Allah, wanda kowane mai hankali yake tuntuɓa, ko ya san sunansa ko bai sani ba. A kan haka ya fahimci abin da Ubangiji ya faɗa a Matiyu sura ta 23 game da malami ɗaya. Ba da daɗewa ba bayan wannan hira Adeyodatus ya rasu, bai kai shekara 20 ba.

Bishop mai gyara kansa

A shekara ta 391 Agustin ya ziyarci Hippo, garin bakin teku da yanzu ake kira Annaba. Jama'a suka kama shi a cikin coci suka kai shi gaban Bishop Baleriyus, aka naɗa shi firist yana hawaye. Wajen shekara ta 395 ya zama bishop. Daga nan kwanakinsa suka cika da wa'azi ga masunta da manoma, da sasanta rigingimun gādo da na gona, da tafiye-tafiye zuwa taron bishop-bishop. Yawancin rubutunsa da dare ya yi shi.

Duk da haka bai manta da yaron Meno ba. A kashi na 12 na babban littafinsa a kan Triniti Mai Tsarki ya kawo labarin, ya auna shi. Ya yarda da abin da ya faru: yaro marar karatu yana iya gano gaskiyar lissafi in an yi masa tambaya bi da bi. Amma ya ƙi bayanin Aflatun, ya kuwa kawo dalili. In tunawa ce da rayuwar da ta wuce, to sai a ce kowa masanin lissafi ne a waccan rayuwa, tun da kowane yaro yana iya amsawa, alhali masana lissafi kaɗan ne ƙwarai a duniya. Ban da haka, don me yaron yake gano abubuwan da hankali yake kamawa kaɗai, amma ba ya iya faɗin abin da sai an gani da ido ake saninsa? Bayanin da ya fi dacewa, in ji Agustin, shi ne Mahalicci ya yi hankalin mutum yadda zai ga gaskiya cikin wani haske marar jiki, kamar yadda ido yake ganin abubuwa cikin hasken rana. Ku lura bai zagi Aflatun ba, bai kuma ce a ƙone littafin ba. Hujja ya sa ya amsa hujja.

Bayan da Gotawa suka washe Roma a shekara ta 410, masu bin allolin dā suka ɗora wa Kirista laifi. Agustin ya amsa musu da littafin Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya ɗauke shi daga 413 zuwa 426. A kashi na 8 ya ce a cikin dukan masanan al'ummai babu waɗanda suka yi kusa da bangaskiyar Kirista kamar mabiyan Aflatun. A nan kuma ya tsauta musu, domin sun san Allah ɗaya ne amma suka yarda a yi wa alloli da iskoki hadaya a matsayin matsakanta.

Yana da shekara fiye da 70 ya yi abin da malamai kaɗan suke iya yi. Ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta kurakuran da ya gani. A ciki ya janye maganar da ya yi yana sabon tuba, inda ya rubuta kamar ya yarda cewa koyo tunawa ce, ya kuma ce yabon da ya yi wa Aflatun da mabiyansa a lokacin ya wuce kima.

A shekara ta 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. Agustin ya ƙi barin jama'arsa. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sa aka rubuta zaburan tuba aka manna a bango inda zai iya karantawa daga gadonsa. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75. Abokinsa Bishop Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce bai bar wasiyya ba domin ba shi da dukiya, sai dai ya yi umarni a kiyaye ɗakin littattafan cocin saboda masu zuwa.

Abin da ya biyo baya

Tambayar Meno ba ta mutu da shi ba. Malaman Musulunci irin su Farabi da Ibn Sina sun same ta ta hannun Aristotal, suka yi nazarinta. A ƙarni na 12 aka fassara hirar zuwa Latin a tsibirin Sisili. A ƙarni na 13 Waliyyi Toma na Akwino, yana koyarwa a jami'ar Paris, ya karɓi maganar Agustin cewa hasken hankali daga Allah yake, ya ƙara da cewa malami na waje ma yana koyarwa da gaske, kamar yadda likita yake taimakon jiki ya warke da ƙarfin da Allah ya sa a cikinsa. Ɗalibin da ya buɗe Meno a jami'a ya shiga hirar da aka yi shekara fiye da 2,300 ana yi.

Mu ma a nan muna cikin gādon Agustin. Bishop na farko na Dayosis ɗin Kano, Patrick Sheehan, da Bishop John Namaza Niyiring wanda ya gaje shi a shekarar 2008, dukansu 'yan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne. Haka ma Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa ran 8 ga Mayu, 2025. Babbar seminari ta Jos, inda firistocin Arewa da yawa suka karanta falsafa kafin tauhidi, sunansa take ɗauke da shi.

Ga iyaye da ɗalibai

Ku iyaye, ku lura da abin da ya ɓatar da Agustin. Masu alkawarin amsa mai sauƙi ne suka riƙe shi shekara tara, da girman kai, da sha'awar jiki. Karatu mai zurfi kuwa yana cikin abubuwan da Allah ya yi amfani da su ya fisshe shi. In ɗanku ya zo da tambaya mai wuya, kada ku rufe masa baki, gama matambayi ba ya ɓata. Ku zaunar da shi ya bayyana muku abin da ya karanta, ku kawo shi wurin Fada ko katekis, ku kuma riƙe addu'a kamar Monika, wadda ta yi shekaru tana jira ba ta sallama ɗanta ba.

Ku ɗalibai, mace ba ta zubar da damin gero domin akwai ƙaiƙayi a ciki, ba ta kuwa tuƙa tuwo da ƙaiƙayin. Takan sussuka, ta sheƙe, ta ɗebi tsaba. Ku karanta littafin har ƙarshe, ku bi abin da masana na baya suka faɗa a kansa, kada ku tsaya a shafin farko ku dawo gida kuna raina iyayenku. Yaron Meno bawa ne, Monika kuma ba ta da takardar shaida, amma dukansu biyu sun ga gaskiya sa'ad da aka tambaye su. Hasken da yake haskaka farfesa a ɗakin karatu shi ne yake haskaka tsohuwa a bakin murhu a Gude.

Bari Allah, ta wurin roƙon Waliyyi Agustin da na uwarsa Monika, ya ba 'ya'yanmu hankali mai neman gaskiya da zuciya mai tawali'u, ya kuma dawo mana da su gida da ilimi da bangaskiya tare. Amin.